Tikitin jirgi ta intanet: kuɗaɗen ɓoye da ke jiran mai katin bankin Nijar a shafin ƙarshe

Tun bayan sauyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, da haramta wa jiragen Faransa ratsa sararin samaniyar Nijar a watan Satumban wannan shekarar, hanyar fita daga ƙasar nan ta jirgin sama ta sauya. Wanda a da zai hau jirgi ɗaya daga Yamai ya sauka a Paris, yanzu sai ya bi ta Istanbul, Kasablanka ko Addis Ababa. Mai zuwa ƙasashen gaɓar teku yakan bi ta Lome ko Abijan. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa, da yawansu Kano ta fi musu kusa da filin jirgin Diori Hamani, don haka can suke dosa.

Kowace hanya da farashinta, kuma farashin yana iya canzawa tsakanin safe da yamma. Shi ya sa ɗalibai, ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya Dubai ko Guwanzu, masu niyyar Umra, da ƴan uwanmu mazauna waje da ke yanka wa iyayensu tikiti, suka koma kwatanta farashi a salula. Wannan ci gaba ne. Sai dai akwai wani abu da kusan duk wanda ya taɓa sayen tikiti ta intanet da katin bankin ƙasar nan ya ci karo da shi: kuɗin da ya gani a shafin farko daban, wanda ya gani bayan ya shigar da lambar kati daban, sannan wanda banki ya cire masa daga asusu bayan kwana biyu shi ma daban.

Wannan bambanci ba kuskuren na'ura ba ne. Kuɗaɗe ne da aka jera hawa-hawa, kowane hawa da mai cin ribarsa. Ƙasashen Turai sun yi shekaru suna yaƙi da su har suka kafa dokoki, amma dokokin katunan da aka bayar a can suke karewa. Katin da wani banki ya bayar a Maraɗi ko Tawa baƙo ne a kusan kowane shafin sayar da tikiti, kuma baƙo shi ne ya fi biya.

Me ya sa kuɗin ba ya fitowa sai a ƙarshe

Duk lokacin da aka biya da kati, ɗan kasuwa ba ya karɓar kuɗinsa cif. Bankin da ke karɓa masa kuɗi yana yankar wani kaso. Daga wannan kason, wani ɓangare yana tafiya ga bankin da ya ba mai saye kati, wani kuma ga Visa ko Mastercard, masu layin da kuɗin ya bi. Yawan abin da ake yanka ya danganta da irin katin: na cire kuɗin da ke cikin asusu ne ko na bashi, na mutum ɗaya ne ko na kamfani, kuma a wace ƙasa aka bayar da shi.

Shafin sayar da tikiti yana sanin duk wannan ne daga lambobin farko na katin. Lambobi shida zuwa takwas na farko su ne ke bayyana bankin da ya bayar da shi, ƙasarsa da nau'insa. Da zarar ka rubuta su, kafin ma ka gama sauran, shafin ya riga ya gane cewa katin daga Nijar yake, sai ya lissafa kuɗin da zai ɗora maka. A tsarin sayar da tikiti na duniya har lamba ta musamman aka ware wa irin waɗannan kuɗaɗe, wato haruffan OB, kamar yadda YQ da YR ke nuna ƙarin da kamfanin jirgi ya ɗora da kansa, wanda aka fi sani da kuɗin mai.

Wannan shi ne bayanin fasaha. Amma akwai na kasuwanci, kuma ya fi nauyi. Shafukan da ke kwatanta farashi suna jera tikiti ne daga mafi araha zuwa mafi tsada, kuma yawancin mutane na farko ko na biyu suke dannawa. Duk mai sayarwar da ya cire jika 10 daga farashin farko ya mayar da ita shafin ƙarshe, zai hau saman jeri. Kafin mai saye ya kai ƙarshen, ya riga ya ɓata minti 20 yana rubuta suna, lambar fasfo da ranar haihuwa, ga agogo a gefe yana ƙirga lokacin da ya rage, ga rubutu ja yana cewa kujera biyu kawai suka saura. Mutum ƙalilan ne za su koma baya su sake daga farko. Masu sayarwa sun san da haka, kuma a kansa suka gina tsarin da za a iya kira farashin ɗigo-ɗigo.

Hawa uku, masu ci uku

Hawa na farko shi ne kuɗin biya da kati, wanda kamfanin jirgi ko shafin dillanci ke karɓa. Wani lokaci kaso ne na farashin tikiti, wani lokaci tsayayyen kuɗi ne kan kowane fasinja. Ba kullum ake kiransa da sunansa ba. Yakan zo da sunan kuɗin hidima, kuɗin gudanarwa ko kuɗin fitar da tikiti. Akwai kuma dabarar juya shi ya koma ragi: farashin da aka nuna tun farko na mai riƙe da wani kati ne na musamman da kusan babu mai shi, duk wanda ya zo da wani katin sai a ce ragin bai shafe shi ba.

Hawa na biyu shi ne canjin kuɗi nan take, wanda ake taƙaitawa da haruffan DCC. Shafin zai tambaye ka cikin ladabi ko kana so ka biya da kuɗin da ka fi sabawa da shi, ko kuma ya zaɓa maka tun kafin ka lura. In ka amince, shafin da abokin hulɗarsa su ne za su yanke farashin canjin, kuma ribarsu tana cikinsa. Ga mai katin sefa abin yakan fi muni, domin kuɗin da ake miƙo masa sau da yawa dalar Amurka ce. Ke nan an canza masa yuro zuwa dalar Amurka a farashin shafi, sannan a sake canza dalar zuwa sefa a farashin layin kati da na bankinsa. Canji biyu, yanka biyu.

Hawa na uku yana gida: kamishon da bankinka ke ɗauka kan biyan da aka yi wajen yankin UEMOA, da harajin da ke hawa kan kamishon. Wannan ba zai taɓa fitowa a shafin tikiti ba, domin shafin bai san yarjejeniyarka da bankinka ba. Sai ka duba asusu kake ganinsa, wani lokaci a layi daban, wani lokaci a haɗe da kuɗin tikitin ta yadda ba a iya rarrabewa.

A nan akwai abin da ya kamata kowane mai asusu ya sani. Tun ranar 1 ga watan Oktoban 2014, babban bankin BCEAO da bankunan yankin suka fitar da jerin hidimomi 19 da ya zama wajibi a yi wa mai asusu kyauta, kuma biya da kati a cikin yankin yana cikinsu. Matsalar ita ce, abin da banki ke dubawa shi ne inda asusun ɗan kasuwar yake, ba inda kake zaune ba, ba kuma kuɗin da aka rubuta a allo ba. Kana iya zama a unguwar Zariya ta Maraɗi, ka ga farashi da sefa, ka biya, amma kuɗin ya sauka a wani asusu a Turai ko Turkiyya. A idon banki ka yi sayayya a ƙasar waje.

Mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kason da za mu yi amfani da shi na kwatance ne, domin kowane shafi da kowane banki da nasa. A ce tikiti ya kama yuro 900. Tun da an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, wannan ya zama sefa 590,361, wato jika 590 da ƴan kai. A ce shafin ya ɗora kashi 2 cikin ɗari na biya da kati: an koma yuro 918, sefa 602,169. A ce banki ya ɗauki kashi 3 cikin ɗari: an kai sefa 620,234. Ƙarin ya kusa jika 30. In kuma mai sayen ya amince da canjin nan take, aka ci masa kashi 4 cikin ɗari a tsakiya, jimillar za ta kai sefa 645,043. Ƙarin ya kusa jika 55. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun watan Janairun 2024, jika 42 ne. Wato a tikiti ɗaya, kuɗin da ba a nuna wa mutum da farko ba yana iya zarce albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. In iyali ne na mutum huɗu, sai a ninka.

Wannan ɗauri na sefa da yuro yana da wata ma'ana da ba a cika faɗa ba. Farashin bai motsa ba tun shekarar 1999. Duk wanda ya canza maka yuro zuwa sefa bai ɗauki kasadar faɗuwa ko tashin kuɗi ba. Don haka duk abin da aka ɗora a kan 655.957 kuɗin hidima ne zalla, kuma ya dace a kira shi da sunansa a rubuta shi daban.

Akwai kuma asarar da ke zuwa daga baya. In aka soke tafiya, kuɗin biya da kati yawanci ba ya dawowa, kuma kuɗin tikitin da za a mayar zai sake bin hanyar canji. In biyan ya gaza a tsakiya, saboda saƙon lambar tabbatarwa bai shigo salula da wuri ba ko an wuce iyakar da banki ya sa wa katin, kuɗin yana iya zama a tsare na kwanaki ko makonni kafin a sake shi. Wanda ya gwada sau uku yana iya tarar da an tsare masa kuɗin tikiti fiye da ɗaya, alhali ba shi da tikiti ko guda.

Yadda aka yi da matsalar a wasu ƙasashe

Tarayyar Turai ta fara ne da batun nuna farashi. Dokarta mai lamba 1008 ta shekarar 2008 ta wajabta cewa farashin ƙarshe na tikiti, haɗe da duk haraji da kuɗaɗen da ba makawa sai an biya, ya kasance a bayyane a kowane lokaci, kuma duk wani ƙari na zaɓi sai mai saye ya danna shi da kansa. A shekarar 2012 kotun Tarayyar ta yanke cewa bai halatta a sa wa mutum inshorar tafiya tun kafin ya nema ba. A 2015, a shari'ar kamfanin Air Berlin, ta ƙara da cewa dole farashin ƙarshe ya fito tun karon farko da aka nuna farashi.

A Birtaniya, ƙungiyar kare masu saye ta Which? ta shigar da ƙorafi a 2011, lokacin da kamfanin Ryanair ke karɓar ƙarin kuɗi kan kowane fasinja a kowace tafiya, in ba da wani kati na musamman aka biya ba. A watan Yulin 2012 kamfanonin jirage 12 suka amince su haɗa kuɗin biya da katin asusu cikin farashin farko. A Jamus, babbar kotun tarayya ta yanke wa shafin Opodo hukunci a 2016 cewa kuɗin hidimar da ake yafe wa masu wani kati kaɗai dole ya shiga farashin ƙarshe. A Ostireliya, kotu ta ci tarar kamfanonin Jetstar da Virgin a 2017 saboda farashin ɗigo-ɗigo. Amurka ma tun 2012 ta wajabta tallata cikakken farashin tikiti.

Daga nan Turai ta taɓa tushen kuɗin. A 2015 ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke karɓa: kashi 0.2 cikin ɗari ga katin asusu, kashi 0.3 ga katin bashi. Da kuɗin ya ragu haka, sai ta haramta ɗora wa mai saye ƙarin biya da waɗannan katunan daga ranar 13 ga watan Janairun 2018. Daga 2020 kuma ta tilasta wa masu canjin nan take su nuna kason da suka ɗora a kan farashin babban bankin Turai.

Inda katinmu ya faɗo waje

Duk waɗannan dokoki suna da iyaka, kuma mu muna bayan iyakar. Ƙayyade kason 0.2 da 0.3 ya shafi cinikin da bankin mai saye da na ɗan kasuwa duk suke cikin Turai. Haramcin 2018 kuwa an jingina shi ne da katunan da ƙayyadewar ta shafa. Katin da aka bayar a Yamai ba ya ciki. Wasu ƙasashe, kamar Faransa, sun faɗaɗa haramcin a dokokinsu na cikin gida, amma shafukan tikiti da yawa ba a can suke da rajista ba, ko da da Faransanci suke magana da kai.

Ga katunan waje, abin da ke akwai shi ne alkawarin da Visa da Mastercard suka yi wa hukumar Tarayyar Turai a 2019. A cinikin intanet, kason shi ne 1.15 cikin ɗari ga katin asusu, 1.5 ga katin bashi. Wato wannan kason da ɗan kasuwar Turai ke biya kan katinmu ya ninka na katin mazaunin Lyon sau biyar ko fiye, kuma inda doka ba ta hana ba, a kanmu yake sauke wannan tsadar.

Dokar nuna cikakken farashi ma haka take. Tana aiki ne kan jiragen da ke tashi daga filayen Tarayyar. Ɗan Nijar da ke Burussal ya yanki tikitin zuwa gida yana ƙarƙashin inuwarta. Ƙaninsa da zai tashi daga Yamai ya bi ta Istanbul ba ya ciki.

Wannan ya sa iyalai da yawa suka gano da kansu cewa ya fi sauƙi ɗan uwan da ke Turai ya biya da katinsa, a mayar masa da kuɗin a gida ta Nita ko Amana. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko. Wasu kamfanonin jirage suna neman a nuna katin da aka biya da shi a filin jirgi, ko a kawo takardar izini daga mai katin, don gudun zamba. Tsohuwar da ɗanta ya yanka wa tikiti daga Marseille tana iya tsayawa gaban ma'aikaci a Yamai a tambaye ta katin da ba ta taɓa gani ba. Duk mai yanka wa wani tikiti ya karanta wannan sharaɗi kafin ya biya.

Masu tashi daga Kano kuma nasu lissafin daban ne. Farashin yakan fito da naira ko dalar Amurka, kuma tun da Najeriya ta saki nairarta a watan Yunin 2023 darajarta tana hawa da sauka. Mai katin sefa da ya biya da naira, canjinsa sau da yawa sai ya ratsa ta dalar Amurka kafin ya iso sefa. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya san farashin canji a kasuwa ko a Ɗan Isa yana iya tarar da cewa canza kuɗi a hannu ya biya a ofishin kamfanin ya fi masa sauƙi da katin, ko kuma akasin haka. Ba a sani sai an buga lissafin ranar.

Hujjar masu sayarwa

Kamfanonin jirage suna da abin faɗa. Ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta daɗe tana kukan cewa karɓar kuɗi daga fasinjoji yana cin sama da dalar Amurka biliyan 20 a shekara, alhali ribar da ake samu kan kowane fasinja ba ta kai dalar Amurka 10 ba, ta kamfanonin Afirka ma ba ta kai 2 ba. Tikiti kuma yana cikin kayan da ɓarayin kati suka fi so, kuma in mai katin na gaskiya ya yi ƙorafi, kamfanin ne ke mayar da kuɗi bayan ɓarawon ya riga ya sauka. Suna kuma cewa in aka narkar da kuɗin kati cikin farashi, mai biya da tsabar kuɗi zai ɗauki nauyin da ba nasa ba.

Akwai gaskiya a ciki. Haramcin ma bai sa kuɗin ya ɓace ba. A Birtaniya, da dokar 2018 ta fara aiki, wasu kamfanoni sun sauya masa suna kawai, suka ɗora wa kowa kuɗin hidima. Amma wannan hujja tana bayyana dalilin karɓar kuɗin ne, ba ta bayyana dalilin ɓoye shi zuwa shafi na biyar ba. Tikitin jika 620 da aka rubuta jika 620 tun farko bai cuci kowa ba, mai saye zai kwatanta shi da na wani kamfani ya zaɓa. Wanda aka rubuta jika 590 ya koma 620 shi ne ya ƙwace wa mutum damar kwatantawa, ya kuma ci zalin kamfanin da ya faɗi gaskiya tun farko.

Abin da ke hannun hukumomin gida

Nijar ba za ta iya tsara wa wani shafi da ke Sifaniya ko Suwidin farashinsa ba. Amma hawa na uku gaba ɗaya a hannunmu yake, na farko ma akwai inda hannu ke kaiwa.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga watan Janairun 2025, don haka shawarar da ƙungiyar ta yanke ta rage haraji da kuɗaɗen sufurin sama daga Janairun 2026 ba ta hau kanmu ba. Amma muna nan cikin UEMOA, kuma bankunanmu suna ƙarƙashin BCEAO da hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan. Babu abin da zai hana a wajabta wa kowane banki ya aiko da saƙon da ya rarrabe kuɗin ciniki, farashin canji, kamisho da haraji a duk biyan da aka yi da kati a waje. Bankin ya san waɗannan lambobi, shi ne ya lissafa su. Haka kuma ya dace a fayyace matsayin cinikin da aka nuna da sefa amma aka karɓe shi a waje, domin mai asusu ya san ko kyautar 2014 ta shafe shi kafin ya danna.

Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, ANAC, ita ke hulɗa da kamfanonin da ke sauka a filayenmu. Sharaɗin cewa duk tikitin da zai tashi daga Nijar a nuna cikakken farashinsa tun shafin farko ba sabon abu ba ne ga waɗannan kamfanoni, suna bin irinsa kullum a jiragensu da ke tashi daga Paris da Burussal. UEMOA ma tun 2003 tana da doka kan diyyar fasinjan da aka hana shiga jirgi ko aka soke masa tafiya, ke nan akwai tushen da za a ɗora a kai. Nijar tana da dokar kare masu saye ta 2015, akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata. Abin da ya rage shi ne a ɗauki cinikin intanet da muhimmancin da ake ba farashin shinkafa da siminti.

Hanya ta uku ita ce a rage dogaro da katin waje baki ɗaya. Yankin yana da nasa layin kati, GIM-UEMOA, tun 2003, kuma a ƙarshen Satumban 2025 BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi nan take da ke haɗa bankuna da asusun salula. In kamfanonin da ke kwasar fasinja a Yamai suka buɗe ƙofar biya ta waɗannan hanyoyi, da sefa, zuwa asusun da ke cikin yankin, hawa na biyu da na uku sun faɗi da kansu.

Kafin a kai can

Mai niyyar tafiya ba zai jira doka ba. Abu na farko, kada ka kwatanta farashin shafin farko. Bi kowane shafi har inda ake neman kati, shigar da lambar, ka dubi jimillar kafin ka tabbatar. Shafin dillanci da ya fi araha a jeri sau da yawa yakan ƙare sama da shafin kamfanin jirgin kansa, kuma in matsala ta taso, kamfanin zai mayar da kai wurin dillalin ne. Araha ba ta ado.

Na biyu, in an ba ka zaɓin kuɗi, ƙi canjin nan take. In farashin asali da yuro yake, biya da yuro, domin shi kaɗai ne kake iya lissafawa da kanka: ninka da 655.957, duk abin da ya haura a asusunka ka san na banki ne.

Na uku, je bankinka ka nemi takardar farashin hidimominsa, ka tambayi abu uku: kason biya wajen UEMOA, iyakar katinka a rana da wata, da yawan kwanakin da kuɗi ke yi a tsare in biya ya gaza. Takardar jimillar kuɗaɗen da banki ya cire maka a shekara tana cikin hidimomi 19 na kyauta, haƙƙinka ce. Masu amfani da katunan da manhajoji ke bayarwa su ma su duba kuɗin zuba musu kuɗi da irin kuɗin da katin ke ɗauke da shi, domin da yawansu na dalar Amurka ne.

Na huɗu, kamfanoni da dama suna barin mutum ya kama kujera ta intanet ya je ofishinsu ya biya cikin ƙayyadadden lokaci. Kamfanin shirya tafiye-tafiye mai rajista a Yamai, Maraɗi ko Damagaram shi ma yana da kuɗin hidimarsa, amma za a faɗa maka shi baki da baki, da sefa, kuma kana da wanda za ka koma wa. Tambayi jimillarsu ka ajiye kusa da ta intanet.

Na ƙarshe, ɗauki hoton allo a kowane mataki, ka adana saƙon banki. In abin da aka cire ya saɓa da abin da ka amince da shi, rubuta wa bankin ƙorafi ka karɓi shaidar cewa sun karɓa. Ƙorafin mutum ɗaya kan jika 20 ba ya girgiza kowa, amma da irin waɗannan takardu ne ƙungiyoyin masu saye na Birtaniya da Jamus suka kai kamfanoni gaban hukuma da kotu.